Filin Tambaya da Amsa: Iyalan Suwizalan Masu Waƙar Yodel a Tantunan Amurka

Wasiƙar farko ta wannan fitowa mun buga ta a watan jiya tare da alkawarin amsa ta, kuma kafin mu cika alkawarin wasu masu karatu biyu suka aiko da nasu ƙarin a kan batun, shi ya sa muka haɗa su wuri guda.

TAMBAYA TA FARKO

Assalamu alaikum. Ni tsohon malamin makaranta ne, na yi ritaya ina zaune a Asawase. 'Yata tana aikin jinya a jihar Wisconsin ta Amurka, kuma kwanakin baya ta aiko mini da hoton wata tsohuwar takardar talla da wata dattijuwa maƙwabciyarta ta nuna mata. A jikin takardar akwai uba da uwa da 'ya'ya huɗu cikin tufafi masu ado, an jera ƙararrawar shanu a gabansu, ɗaya daga cikin samarin yana riƙe da ƙahon katako da ya fi shi tsawo. Dattijuwar ta ce kakanninta ne, mutanen Suwizalan, waɗanda suka yi shekaru suna bin gari-gari suna wata waƙa da ake kira yodel a ƙarƙashin wani shiri mai suna Chautauqua, wanda ta ce makaranta ce a cikin tanti. Mu da muka tashi a zango, idan motar 'yan konsat, masu yawo da wasan kwaikwayo da kiɗa, ta shigo gari iyayenmu kulle mu suke yi a gida. To yaya aka yi mawaƙa masu yawo suka shiga harkar ilmi? Malamai za a kira su ko maroƙa?

Mai karatu daga Asawase, Kumasi

AMSA

Wa alaikumus salam, Baba Malam. Allah ya ƙara lafiya, ya kuma yi wa 'yar tamu albarka a wurin aikinta. Mutanen da ke cikin hoton nan masu sana'ar waƙa ne, da ita suke ci da ita suke sha, amma sun faɗo a wata kasuwa inda ba a sayen waƙa sai an sa mata rigar ilmi, kuma su ma sun san haka, shi ya sa suka tsaya a gaban mai hoto da ƙararrawar shanu. Kafin a gane yadda aka ƙulla wannan ciniki, sai an fara daga kan tsauni, inda waƙar ba ta da mai saye.

Suwizalan ƙaramar ƙasa ce a tsakiyar Turai, ba ta da gaɓar teku, faɗinta bai kai kashi ɗaya cikin biyar na Ghana ba, kuma tsaunukan Alps sun cinye fiye da rabinta. Makiyayanta suna da irin tafiyar da Fulaninmu suke yi, illa dai tasu hawa da sauka ce: idan ƙanƙara ta narke sai a kora shanu sama zuwa makiyayar tsauni, a zauna can wata uku ko huɗu ana tatsa ana dafa cuku, sannan a gangaro kwari kafin sanyi ya dawo. A irin wannan wuri mutum yana iya hango ɗan'uwansa a wancan gefen kwazazzabo, amma isa gare shi sai ya ci masa rabin yini, saboda haka murya ce ɗan aike. Magana ba ta ƙetare wannan tazara. Abin da ke ƙetarewa shi ne sauti mai tsawo wanda ke karyewa farat ɗaya daga muryar ƙirji zuwa siririyar muryar sama, ya sake faɗowa ƙasa, duwatsu kuma su maido da amsa-kuwwa. Wannan karyewar, wadda malaman waƙa na Turai suke wahalar da ɗalibai don su ɓoye ta, ita mai yodel yake fito da ita fili da gangan. Ta asali ba ta da kalmomi, sai gaɓoɓi marasa ma'ana irin su "yo" da "lo" da "u", kuma kusan kowane yanki da sunan da yake kiranta: a wani ɓangare na Appenzell ana ce mata Zäuerli, a kwarin Muotathal kuwa Juuz. Wanda ya saurari ta Appenzell zai yi mamakin sanyinta, domin a hankali ake jan ta, mutum ɗaya yana gaba, sauran suna riƙe masa sauti mai kauri a ƙasa kamar yadda 'yan amshi suke tallafe mawaƙi. A wasu yankunan Katolika ma har yau makiyayi yakan tsaya da magariba ya kafa baki a mazurarin madara na katako, ya ɗaga murya yana roƙon tsari ga mutane da dabbobi iyakar inda muryarsa ta kai.

Tun kafin kowa ya hau dandamali da wannan waƙa, Turawa sun riga sun ƙawata ta a zukatansu. A shekarar 1688 wani ɗalibin likitanci a Basel, Johannes Hofer, ya rubuta kundi a kan ciwon begen gida da ke kwantar da mutanen Suwizalan idan sun yi nisa da garuruwansu, daga baya kuma labari ya bazu a Turai cewa an hana sojojin hayar ƙasar rera waƙar kiran shanu a sansani, don kada kewa ta sa su gudu ko su kwanta ciwo. A 1805 aka shirya bikin makiyaya na Unspunnen kusa da Interlaken, aka gayyato manyan baƙi su kalli kokawa da jifan dutse da busa ƙaho da waƙa. Daga nan abin da makiyayi yake yi don saniyarsa ya fara zama abin da ake biya a kalla.

Kada Baba ya auna Suwizalan ta wancan zamani da ta yau, mai bankuna da agogo da cakulan da kokonmu ke ciki. A ƙarni na 19 ƙasar matalauta ce mai fitar da 'ya'yanta neman abinci, kamar yadda kakanninmu suka baro Kano da Sakkwato da Katsina suka biyo hanyar goro har suka kafa zanguna a kurmi. A 1845, da masaƙu suka durƙushe a yankin Glarus kuma abinci ya yi ƙaranci, hukumomin yankin da kansu suka tallafa wa mutane su yi ƙaura, mutum 108 daga cikinsu suka isa kudancin Wisconsin suka kafa garin New Glarus. Garin yana nan har yau, kimanin kilomita 40 daga Madison, babban birnin jihar, kuma shi da maƙwabcinsa Monroe sun yi suna wajen cuku da ƙungiyoyin yodel. Ba abin mamaki ba ne da 'yarka ta ci karo da wannan takarda a Wisconsin.

Waɗanda suka fara nuna wa Amurkawa cewa iyali guda na iya cin abinci da wannan waƙa ba ma mutanen Suwizalan ba ne. Iyalin Rainer ne, daga kwarin Zillertal na yankin Tirol a Ostiriya, waɗanda suka zagaya Amurka daga 1839 zuwa 1843 cikin tufafin gargajiya suna waƙa da muryoyi huɗu masu jituwa. Sun yi tashe har wasu iyalan Amurka, irin su iyalin Hutchinson na New Hampshire, suka kwaikwayi tsarinsu. Hoton da aka aiko maka, uba a tsakiya da 'ya'ya a jere cikin kayan tsauni, tun wancan lokacin aka yanka masa cibiya.

Yanzu sai batun makarantar tanti, wadda kakanta wani shiri ne da ake kira Lyceum. Josiah Holbrook ya kafa na farko a 1826 a garin Millbury na jihar Massachusetts, domin manoma da masu sana'ar hannu su riƙa taruwa da daddare a lokacin sanyi su saurari lacca su yi muhawara. A 1868 James Redpath ya buɗe ofishi a Boston wanda aikinsa dillanci ne: gari ya faɗi irin mai laccar da yake so, ofishin ya tura shi, ya cire la'adarsa. Shi kuwa Chautauqua, wanda ake furtawa kamar Shatokwa, sunan wani tafki ne a jihar New York, inda wani limamin cocin Methodist, John Heyl Vincent, da wani attajiri, Lewis Miller, suka shirya taron horar da malaman makarantar Lahadi a 1874. Mutumin Kumasi ba zai rasa riƙe wannan shekara ba, domin a cikinta ne sojojin Ingila suka ƙone garin nan, kuma a cikinta ne Tonawa, wato Asante, suka saki Fritz Ramseyer, ɗan mishan mutumin Suwizalan da suka tsare fiye da shekara huɗu, wanda cocin da ke Adum yake ɗauke da sunansa. Taron bakin tafkin ya bunƙasa ya haɗa da tarihi da kimiyya da kiɗa, garuruwa da yawa suka kafa irin nasu, har a 1904 wani jami'in ofishin Redpath mai suna Keith Vawter ya ga cewa maimakon mutane su je wurin taro, gara a ɗora taron a jirgin ƙasa a kai musu har gida. Gwajin farko ya yi asara, amma da ya gyara tsarin sai abin ya kama kamar wutar daji.

Tsarin nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne rayuwar mutanen hoton. Kamfani yakan jera garuruwa masu yawa a kan layin dogo, ya sayar wa kowanne shiri na kwana uku ko biyar ko bakwai. Kafin tanti ya iso, sai wasu manyan gari, irin su mai banki da likita da limamin coci da shugaban makaranta da 'yan kasuwa, sun sa hannu sun tsaya lamuni cewa za a sayar da tikiti na adadi kaza, idan kuma ba a sayar ba su cika daga aljihunsu. Ɗaliban jami'a masu neman kuɗin hutu su ne suke kafa tanti su jera kujeru su kwana suna gadi. Da safe akwai wata budurwa mai tara yara tana ba su labari tana koya musu wasanni, da rana lacca, da dare kuma babban shiri. Masu wasa ba sa zama tare da tantin. Wanda aka ba rana ta uku, to a kowane gari shi ne na rana ta uku: yau ya yi wasa a nan, ya kwashi kaya cikin dare ya kama jirgi, gobe ya tarar da wani tantin a gari na gaba wanda shi ma ya shiga rana ta ukunsa. Tantunan suna tsallake juna, masu wasa suna bin su a jere kamar ayarin fatake da kowane rukuni yake sauka a zangon da na gabansa ya tashi. Haka za a yi tun daga farkon zafi har ƙarshensa, kusan kullum sabon gari, waƙoƙin jiya su ne na yau, a ƙarƙashin tanti mai turiri da rana wanda iska mai ƙarfi kan kayar a wasu lokutan. Ranar Lahadi ma sau da yawa ba hutu, sai dai a sauya shirin ya koma na waƙoƙin ibada. Idan sanyi ya shigo aka naɗe tantuna, sai a koma zagayen Lyceum a coci-coci da ɗakunan taro na makarantu. Mawaƙa yawanci su ne masu share fage na ɗan lokaci kafin mai lacca ya hau, sannan su sake fitowa da cikakken shirinsu. A tsakiyar shekarun 1920, lokacin da abin ya kai ƙololuwa, tantunan suna sauka a garuruwa fiye da 10,000 a jihohi 45 daga cikin 48 da Amurka take da su a lokacin.

To me ya sa iyali, kuma me ya sa kayan gargajiya? A nan ne amsar tambayarka take, kuma ta yi kama da labarin iyayenku da 'yan konsat fiye da yadda za ka zata. Mutanen karkarar Amurka na wancan lokaci masu riƙon addini ne, kuma da yawansu, musamman 'yan Methodist da Baptist, suna kallon gidan wasan kwaikwayo a matsayin matattarar mashaya da marasa tarbiyya. Ba za su kai matansu da 'ya'yansu can ba. Amma su ma mutane ne, suna son kiɗa suna son dariya, kuma kamfanonin tanti sun san cewa lacca zalla ba ta cika kujeru. Dabarar ita ce a kawo nishaɗin da limamin coci zai iya zama a sahun gaba ya kalla ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Wasan kwaikwayo kansa an daɗe ana shigo da shi da sunan karatu, mutum ɗaya ya tsaya ya karanta dukkan muryoyin, sai wajen 1913 aka yarda cikakkiyar ƙungiyar 'yan wasa ta hau dandamalin tanti, ita ma da wasannin Shakespeare ta samu shiga. A irin wannan yanayi, budurwa mai waƙa ita kaɗai abin zargi ce, amma budurwa mai waƙa a gefen mahaifinta da mahaifiyarta abin koyi ce. Iyali shi ne takardar shaidar mutunci. Ga kuma fa'ida ta aljihu: albashin mutum shida yana shiga tukunya ɗaya, ba mai ɓallewa a tsakiyar tafiya don wani ya ƙara masa kuɗi, kuma muryoyin 'yan gida ɗaya suna haɗuwa fiye da na bare. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin gidajen makaɗanmu haka suke, ɗa yana amshi a bayan ubansa har ranar da zai gaji kalangun.

Kayan gargajiyan kuwa su ne allo da alli. Tsakanin waƙa da waƙa akan tsaya a yi bayani: ga yadda ake hawa da shanu, ga dalilin da ya sa ƙararrawar jagorar garke ta fi ta sauran girma, ga yadda ake fafe ƙahon katakon nan mai tsawon fiye da mita uku, wanda a tsawo ya yi kama da kakakinmu ko da yake shi ba na fada ba ne, na makiyaya ne. Da wannan bayani waƙa ta zama darasin labarin ƙasa, kamar yadda mawaƙan Hawaii da ƙungiyoyin baƙaƙen fatar Amurka masu waƙoƙin ibada na zamanin bauta suka riƙa hawa dandamali ɗaya da sunan gabatar da al'adun al'ummarsu.

Maroƙa dai ba su ba ne, domin maroƙi yana da ubangida ko yana da wanda yake wasawa, kuma abin da aka ba shi kyauta ce da ta dogara ga jin daɗin mai bayarwa. Waɗannan ba sa wasa kowa, ba a yi musu liƙi, kwantiragi suke sa wa hannu a biya su a mako. Malamai kuwa, a ganina, rabin sunan ya dace da su. Yaron manomi a Iowa wanda bai taɓa ganin dutsen da ya fi rufin rumbu tsawo ba, ba rediyo a gidansu, ya ji harshen da bai taɓa ji ba, ya ga mutanen wata duniya da idonsa, kuma ba zan raina wannan ba, tunda mu ne muke cewa gani ya kori ji. Amma Suwizalan ɗin da aka nuna masa wankakkiya ce gogaggiya: akwai furanni da shanu da tsaunuka, babu yunwar da ta kori mutanen Glarus, babu masaƙar da aka rufe. Waƙar ma ta sauya a hanya. Yodel mai sanyi da ake ja a hankali don kwari ya amsa ba ta tayar da tafi a tanti, saboda haka wadda ta yi kasuwa ita ce mai sauri mai nuna gwaninta, wadda murya ke tsalle-tsalle a cikinta. Muna cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma a nan mai ita ne da kansa ya gyara ta daidai kunnen mai saye.

Amurkawa ma sun yi wannan tambaya taka, kuma sun yi ta da zafi a 1913. William Jennings Bryan, wanda ya nemi shugabancin ƙasa sau uku bai samu ba, shi ne mai laccar da ya fi kowa tara jama'a a tantunan nan. Da shugaba Woodrow Wilson ya naɗa shi sakataren harkokin waje, sai ya ci gaba da fita lacca ana biyansa, yana cewa albashinsa na dala 12,000 a shekara ba ya isarsa. Jaridun manyan birane suka yi masa ca, kuma abin da suka fi yi masa ba'a da shi shi ne cewa babban jami'in ƙasa yana hawa dandamali ɗaya da masu yodel. A idon ɗan birni masu yodel su ne hujjar cewa tantin gidan wasa ne kawai da ya ari sunan makaranta, alhali mutanen karkara da suka tsaya lamuni ba su ga wani aibu ba a ce an buɗe da waƙar makiyaya an rufe da jawabin minista.

Game da konsat ɗin da aka hana ku kallo, abin dariyar shi ne a makaranta aka haife shi. Wani shugaban makaranta a Sekondi da ake kira Teacher Yalley shi ya fara irin wasan wajen 1918, kafin su Bob Johnson da ƙungiyar Axim Trio su ɗora shi a mota su shiga ƙauyuka da shi. Namu ya fito daga aji ya shiga kasuwa, nasu kuwa ya tashi daga makarantar Lahadi ya jawo kasuwa cikin aji. Babban bambancin shi ne wanda ya tsaya wa baƙon. Motar konsat tana shigowa ne da kanta, ba wanda ya gayyace ta, alhali tantin Shatokwa ba ya sauka sai dattawan gari sun sa hannu. Da a ce Sarkin Zango da limami da shugaban makarantarku ne suka kira 'yan wasan suka kuma zauna a gaba, ina kyautata zaton da mahaifinka da kansa zai riƙe hannunka ya kai ka. Abin da ya fi kusa da tantin a ƙasar nan shi ne motar majigi ta hukumar yaɗa labarai, wadda takan fara da kiɗa har fili ya cika, sannan a nuna yadda ake feshin koko ko tsabtace rijiya.

TAMBAYA TA BIYU

Na sa jikata ta nemo mini wannan yodel a waya na saurara. Ni dai a kunnena guɗa ce irin wadda muke rangaɗawa a gidan biki. Ko ba haka ba ne? Kuma mata suna yi?

Mai karatu daga Nima, Accra

AMSA

Hajiya, kunnenki ya kama wani abu na gaskiya, domin duka biyun sauti ne marasa kalmomi da aka yi su don su yi nisa. Amma aikinsu a maƙogwaro daban ne. Mai guɗa tana hawa can sama ta zauna, harshe ne yake kaɗawa yana yayyanka sautin. Mai yodel kuwa ba ya zama wuri ɗaya, yana sauka muryar ƙirji yana komawa ta sama, kuma wannan tsallen tsakanin muryoyin biyu shi ne waƙar, harshe ɗan rakiya ne kawai. Idan ana neman danginta a Afirka, sai a nufi dazuzzukan Kamaru da Afirka ta Tsakiya da Kwango, inda mutanen Baka da Aka suke da irin wannan karya murya tun kaka da kakanni, kuma a wurinsu mata ne gwanayenta. Ta wata hanyar ma ta sake dawo mana, domin Jimmie Rodgers, wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa daga Mississippi wanda ya fara ɗaukar faifai a 1927, ya haɗa yodel da jita, fayafayensa suka iso Afirka, har a 1950 aka naɗi muryoyin mutanen Kipsigis na Kenya suna waƙa da sunansa.

Mata suna yi ƙwarai, kuma a hoton Baba Malam ma akwai uwa a tsaye cikin sahu. Ƙungiyar masu yodel ta ƙasar Suwizalan, wadda aka kafa a 1910, tana da mambobi wajen 20,000 maza da mata, tana shirya babban biki duk bayan shekara uku inda alƙalai suke ba da maki, kuma tun 2018 ana iya karanta yodel a matsayin darasi a babbar makarantar kiɗa ta Lucerne.

TAMBAYA TA UKU

Ni ɗalibi ne a jami'a. Shin duk waɗanda aka tallata da sunan mutanen Suwizalan da gaske can suka fito? Kuma me ya kashe wannan sana'a?

Mai karatu daga Ayigya Zango, Kumasi

AMSA

Ƙanena, ba dukansu ba. Ba'amurke na wancan lokaci bai damu da bambance Suwizalan da Tirol da Bavariya ta Jamus ba, duk wanda ya sa hula mai gashin tsuntsu ya karya murya sunansa ɗaya, kamar yadda a kudancin Ghana ake kiran duk mai doguwar riga da hula Bahaushe ko da Dagomba ne ko Zabarma. Masu talla kuma sun ci moriyar wannan. Tun a 1844 shahararren mai shirya wasanni P. T. Barnum ya ɗauko wasu masu kaɗa ƙararrawa daga Lancashire ta Ingila, ya sa suka tsayar da gashin baki suka sa kayan tsauni, ya tallata su a Amurka a matsayin mutanen Suwizalan, kuma shi da kansa ya ba da labarin. Da Amurka ta shiga yaƙin duniya na farko a 1917 aka tsani duk abin da ya shafi Jamus, har aka daina koyar da Jamusanci a makarantu da yawa, sunan Suwizalan, wadda ba ta shiga yaƙin ba, ya zama inuwa ga mai waƙa da wannan harshe. Duk da haka na gaskiyar suna da yawa, wasu sun zo takanas don zagayen, wasu kuma 'ya'yan baƙin da suka riga suka zauna ne a Wisconsin da Ohio da Indiana.

Abin da ya kashe tantin kuwa shi ne gushewar kaɗaicin da ya haife shi. Mota mai araha da gyaran hanyoyi sun sa manomi yana iya kai iyalinsa birni ya dawo a yini ɗaya. Gidajen rediyo sun fara a 1920, kafin shekara goma ta cika kiɗa da jawabin shugaban ƙasa suna shiga har ɗaki kyauta, sannan fim mai magana ya zo a 1927. Kamfanonin tanti suka ƙara yawan wasa suka rage lacca don su riƙe jama'a, wanda hakan ya sa dattawan da suke tsayawa lamuni suka fara tambayar dalilin da zai sa su yi asara a kan abin da ya daina kama da makaranta. Karayar tattalin arziki ta 1929 ta ƙarasa shi, domin ba a samun mai sa hannu a garin da bankinsa ya rufe, kuma zuwa farkon shekarun 1930 zagayen ya watse. Wanda ya ga yadda dokar hana fitar dare ta farkon shekarun 1980 da zuwan bidiyo suka durƙusar da konsat a ƙasar nan zai gane yanayin.

Iyalan ba su yi shiru nan take ba. Wasu sun koma zagayen makarantu, inda ofisoshin wasu jami'o'i suke tura masu wasa su yi wa ɗalibai shiri na kusan awa ɗaya a ɗakin taro, wasu sun shiga rediyon da ya kashe musu kasuwa, wasu kuma sun koma bukukuwan cuku da wuraren cin abinci na garuruwan 'yan ƙasarsu. Cibiyar asali ta bakin tafkin Chautauqua tana nan tana buɗe zangon mako tara a kowace shekara. Takardun ofishin Redpath kuma suna ajiye a Jami'ar Iowa, ciki har da ƙasidun talla kusan 8,000 irin wadda aka nuna wa 'yar Baba Malam, kuma an ɗora hotunansu a intanet. Baba Malam, ka ce wa 'yar tamu ta roƙi dattijuwar ta juya takardar, domin galibi akan buga sunan ofishin da ya ɗauki ƙungiya a ƙasan shafi ko a bayansa. Da wannan suna da sunan iyalin sai ta bincika kundin na Iowa, watakila ta tarar da wata ƙasidar tasu wadda ita dattijuwar ma ba ta taɓa gani ba.